Na sayi tarihin Sarki Arta a wani shagon caji na Argungu, ga yadda na same shi

N1,500 na biya aka tura mini sauti kashi 9 a waya, kowane kashi tsakanin minti 25 da 40. Wanda bai zo da memori ba, ko wayarsa ta cika, sai ya ƙara kuɗin memori. Shagon yana nan Argungu, a layin bayan tashar mota, irin shagunan nan ne na cajin waya da tura fina-finai da wa'azi, ko allon suna ba shi da shi. Mai shagon saurayi ne da ya karanta tarihi a jami'a, ya yi bautar ƙasa, aiki bai samu ba, ya kama haya ya zuba soket. Da dare in ƙafa ta ɗauke sai ya rufe ƙofa ya ɗauki muryarsa yana ba da tarihi da Hausa, ya sayar wa mai so. Ya yi na daular Usmaniyya, ya yi na yaƙin duniya na biyu. Wanda na saya shi ne na Sarki Arta na Birtaniya, wanda Turawa ke rubuta sunansa Arthur.

Shekara 26 ke nan ina koyar da tarihi a sakandare. Ko tsakar dare aka tashe ni aka ce Kanta ko Askiya Muhammadu ko Mai Idris Aloma, zan zauna in ba da bayani. Turai ta wancan tsohon zamani kuwa ba fagena ba ne. Wata Juma'a autana, ɗan shekara 13, ya dawo daga gidan abokinsa inda suka kalli wani fim mai fassarar Hausa, ya ce, "Baba, sarkin nan da ya zare takobi daga cikin dutse, an yi shi da gaske ko Gizo da Ƙoƙi ne?" Na ce ya ba ni kwana biyu. Yaron da ya yi irin wannan tambaya ba a sallamarsa da "tatsuniyar Turawa ce", domin gobe Bayajidda zai tambaya, kuma awon da ka auna na wasu da shi, da shi zai auna naka. Shi ne ma ya ce mini ai mai cajin bayan tasha yana da labarin a sauti.

Da na je na tarar da yara sun cika benci suna jiran a sa musu fim. Mai shagon yana ganina ya miƙe, ya tashi yaro ɗaya ya share mini wuri.

"Sannu da zuwa, Baba. Tafsiri za a sa ko karatu?"

"Tarihi aka ce kana da shi, ɗana. Na sarkin Turawan nan mai takobi."

Fuskarsa ta washe. Ya ce wata biyu ya yi yana haɗa shi, kuma mutum bakwai kaɗai suka saya kafin ni. Minti biyar bai cika ba ya gama turawa, ya kunna farkon kowane kashi a gabana don in tabbatar duk sun shiga. Wannan ɗabi'a ta burge ni, domin an sha tura mini abu a wasu wurare in isa gida in tarar da rabinsa ba ya buɗewa.

Bari in fara da abin da kunne ke ji in wuce, don ba nan ne zancen yake ba. Muryarsa a fili take, ba ya gaggawa, Hausarsa irin tamu ce ta Kabi, mutumin Kano ma zai gane ba wahala. Aibi uku na samu. A kashi na ɗaya ya sa kiɗa a ƙarƙashin magana, kiɗan ya fi ƙarfin maganar a wurare da dama. A kashi na uku, wanda shi ne mafi daraja a wurina, ƙarar janareton maƙwabcinsa ta shiga daga minti na goma har kusan ƙarshe. Sannan bai sa wa fayilolin lamba a gaban suna ba, sai waya ta jera su yadda ta ga dama, na shida ya zo kafin na biyu. Duk wanda zai saya ya ce ya sa masa lamba tun a shago.

Abin da na biya kuɗi dominsa, wanda kuma ya sa na zauna nake wannan rubutu, tambaya ce guda da yaron nan mai shago yake buɗe kusan kowane kashi da ita: wa ya faɗa, yaushe ya faɗa, shekara nawa ne tsakaninsa da abin da yake faɗa? Mu da muka tashi a zauren karatu mun san wannan tambaya, ita ce ta isnadi. Ba ina haɗa labarin sarkin Turawa da Hadisi ba ne, Allah ya kiyaye, ma'aunin kawai nake aro. Duk inda yaron ya riƙe wannan ma'auni, aikinsa ya fi kuɗin da ya karɓa nesa ba kusa ba. Inda ya sake shi kuma, nan ya zame, kuma zan faɗi wuraren.

Kashi biyu na farko shimfiɗa ce. Rumawa sun ci Birtaniya a shekara ta 43 Miladiyya, suka riƙe ta fiye da shekara 350, sannan ƙarfinsu ya ja baya, har wajen 410 aka bar biranen tsibirin su kare kansu da kansu. Sai ƙabilu daga gaɓar Jamus da Danmak na yau, Saksonawa da Angulawa, suka yi ta tsallakowa suna kama ƙasa daga gabas. 'Yan ƙasa na asali, Biritonawa, waɗanda jikokinsu ne mutanen Wels da Konwal na yau, suka yi ta ja da su. In har an yi Arta, to a cikin wannan ja-in-ja aka yi shi, wajen shekara ta 500. Yaron ya kyauta da ya kawo wa mai sauraro abin da zai riƙe: wannan zamani kafin Shekarar Giwa ne, kafin haihuwar Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, da kusan shekara 70. Autana nan take ya gane nisan abin.

Amma a kashi na ɗayan ya yi kuskuren da ya sa na tsayar da sautin. Har sau uku ya kira Arta "sarkin Ingila". Ai sunan Ingila daga Angulawan nan ya fito, wato mutanen da labari ya ce Arta ya ƙare rayuwarsa yana yaƙa. Kamar a ce Kanta sarkin Songhai ne. Wannan ba ƙaramin tuntuɓe ba ne, domin wani sashe mai daɗi na tarihin shi ne yadda sarakunan Ingila daga baya suka karɓe gwarzon waɗanda kakanninsu suka ci da yaƙi, suka mai da shi nasu.

Kashi na uku, mai ƙarar janareto, sau uku na saurare shi. Magana ce a kan wani malamin coci mai suna Gildas, wanda ya rayu a ƙarni na shida, shi ne kuma mutum ɗaya tilo ɗan tsibirin da ya bar mana rubutu mai tsawo a kan wannan zamani yana cikinsa. Littafinsa ba na tarihi ba ne, wa'azi ne mai zafi da Latin, yana yi wa sarakuna biyar na zamaninsa faɗa, yana kiran sunansu ɗaya bayan ɗaya. A cikin shimfiɗar wa'azin ya ba da labarin yadda Saksonawa suka yi ɓarna, yadda wani mutum mai jinin Rumawa, Ambrosiyus Aureliyanus, ya tattara waɗanda suka tsira suka fara mai da martani, har aka kai ga wani babban gumurzu a Dutsen Badon inda 'yan ƙasa suka yi nasara aka samu zaman lafiya na wani lokaci. Yadda akasarin masu fassara suka fahimci maganarsa, cewa ya yi a shekarar da aka haife shi aka yi wannan yaƙi, shekara 44 kafin rubutunsa. To ga shaida na kusa, wanda ya tashi cikin mutanen da suka ga yaƙin da idonsu. Kuma ko sau ɗaya bai ambaci Arta ba.

Yaron ya tsaya a nan ya yi adalci ga ɓangare biyu, abin da ko a jami'a ba kowane malami ke yi ba. Ya ce masu cewa an yi Arta suna kare kansu da cewa Gildas bai faɗi wanda ya ja yaƙin Badon ba sam, kuma da ma mutum ne mai ƙyashin kiran suna in ba zagi zai yi ba. Masu musu kuma suna cewa ai ya kira Ambrosiyus, ya yabe shi, me zai hana shi kiran wanda ya fi shi? Ya ƙara da cewa Bede, malamin Angulawa da ya kammala tarihinsa a 731, shi ma bai san Arta ba, haka kundin shekarun da Saksonawa suka rubuta wa kansu. Ya rufe kashin da cewa shiru ba hujja ce ta babu ba, amma kuma ba a gina ɗaki a kan shiru. Ni dai ban ga abin da zan ƙara masa ba.

Sai a kashi na huɗu sunan ya bayyana. Wajen 829 zuwa 830, a arewacin Wels, zamanin wani sarki Merfin, aka rubuta littafin da ake kira Historia Brittonum, wato tarihin Biritonawa. Shekara 300 da ɗoriya ke nan bayan Badon. Don mai sauraro ya ji nauyin tazarar, yaron ya ce lokacin Halifa Ma'amun ne ke mulki a Bagadaza, Imamu Buhari kuma yana saurayi ɗan kimanin shekara 19. Na jinjina masa a wannan, domin a daidai lokacin da malamanmu ke tafiyar wata da watanni don tantance mai ruwaya guda, marubucin nan ya jero yaƙe-yaƙe 12 na Arta bai faɗi daga wa ya ji ko ɗaya ba. Kuma bai kira shi sarki ba. Cewa ya yi yana yaƙi tare da sarakunan Biritonawa, shi kuma shi ne jagoran yaƙi, abin da mu za mu ce Ubandawaki ko Sarkin Yaƙi. Yaƙi na 12 shi ne Badon, inda ya ce mutum 960 suka faɗi rana ɗaya a hannun Arta shi kaɗai. Duk wanda ya san kirarin mazan jiya ya san wannan harshen maroƙi ne. Wuraren yaƙin kuwa, akasarinsu har yau ba a yi ittifaƙi a kan inda suke ba, kowane yanki na tsibirin yana jan su gidansa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a kashin nan shi ne abin da ke maƙale a ƙarshen littafin, jerin abubuwan al'ajabi na ƙasar. Akwai wani dutse da aka ce yana ɗauke da sawun karen Arta mai suna Kabal, in an ɗauke shi aka kai wani wuri, washegari a tarar ya koma kan tsibinsa. Akwai kabarin ɗansa Amar, wanda in an auna yau a samu ƙafa 6, gobe 9, wata rana 12 ko 15, marubucin har yana cewa shi da kansa ya gwada. Ma'ana, tun a takarda ta farko da ta kawo labarinsa, Arta ya riga ya zama mutumin almara. Ba mu da wani rubutu da ya kama shi yana mutum kamar kowa kafin almara ta lulluɓe shi. Yaron ya faɗi wannan a fili, kuma a ganina nan ne zuciyar maganar gaba ɗaya.

Kashi na biyar gajere ne. Akwai kundin lissafin shekaru na Wels da aka haɗa a ƙarni na goma, ya kawo Arta sau biyu: Badon wajen 516, sai yaƙin Kamlan wajen 537 inda ya ce Arta da wani mai suna Medraut suka faɗi, bai ma ce abokan gaba ne ko 'yan gida ɗaya ba. Akwai kuma wata tsohuwar waƙar makoki ta Wels a kan wani yaƙi na wajen 600, inda aka yabi wani jarumi da cewa ya ƙosar da hankaki da gawar maƙiya, duk da shi ba Arta ba ne. In da baitin tun na 600 ne, da ya zama babbar hujja. Matsalar ita ce takardar da waƙar ta iso mana a cikinta ta ƙarni na 13 ce, kuma waƙar baka kowa ya san yadda take tsintar baiti a hanya. Mu da muke jin yadda makaɗan fada ke ƙara sunan sabon sarki a tsohuwar waƙa ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Na shida da na bakwai su ne masu daɗin ji, su autana ya fi maimaitawa. Wajen 1138 wani malami, Jefri na Monmouth, ya rubuta tarihin sarakunan Birtaniya, ya ce daga wani tsohon littafi da abokinsa ya ba shi ya fassaro, littafin da babu wanda ya taɓa gani sai shi. A wurinsa ne Arta ya zama babban sarki mai cin ƙasashe har Faransa, a wurinsa boka Malin ya shiga labarin, a wurinsa aka ce a Tintajel, wani wuri a gaɓar tekun Konwal, aka ɗauki cikinsa. Littafin ya yi kasuwa ƙwarai, kwafin hannu fiye da 200 sun wanzu har yau. Tun a ƙarnin wani masanin tarihi, Wiliyam na Newburgh, ya fito ya ce ƙirƙira ce. Bai hana komai ba. Teburi mai da'ira, wanda aka ce jarumansa ke zama a kewaye da shi, ya shigo a 1155 ta hannun wani mawaƙi mai suna Wace. Fadarsa ta Kamelot da jarumi Lanselot daga mawaƙin Faransa suka fito a ƙarshen ƙarnin. Takobin cikin dutse, wanda ya jawo duk wannan tafiya tawa, sai wajen 1200 ya shigo, shekara 700 bayan mutumin da ake magana. Nan na samu amsar rabin tambayar yarona.

Labarin kabari kuwa yaron ya ba da shi da gwaninta. A 1184 gobara ta cinye gidan rahiban Gilastonbari, a kudancin Ingila. Ana bukatar kuɗin gini, sarkin da ke tallafa musu, Henri na biyu, ya mutu a 1189. Sai ga shi a 1191 rahiban sun haƙa sun ce sun samu ƙasusuwan Arta da matarsa, tare da gicciyen darma mai ɗauke da sunansa. Masu ziyara suka yi ta zuwa. A 1278 Sarki Edwad na ɗaya na Ingila, wanda ke tsakiyar murƙushe Wels, ya zo da kansa aka sake binne ƙasusuwan a gabansa, kuma yaron ya lura da abin da ke ciki: mutanen Wels suna cewa Arta bai mutu ba, zai dawo ya 'yanta su, to ga kabarinsa an nuna musu. Kabarin ya salwanta bayan an rushe gidan a 1539, gicciyen ma ya ɓace, zanensa kaɗai ya rage. Haka teburin da ke rataye a garin Wincesta, wanda ake cewa na Arta ne, mai faɗin mita 5.5: da aka bincika katakonsa a 1976, aka ƙirga zoben shekarun da ke cikin itacen, sai aka ga na wajen zamanin Edwad ɗin nan ne, fentinsa kuma na zamanin Henri na takwas.

To sai kashi na takwas, inda na ji haushi. Wanda ya yi kashi bakwai yana tambayar wa ya faɗa, sai ga shi ya zo kan haƙe-haƙen masana ya ajiye tambayar. Da murna a muryarsa ya ce a 1998 an tono dutse a Tintajel mai ɗauke da sunan Arta, "kimiyya ta tabbatar". Na yi kwana huɗu ina bin wannan magana a waya da dare. An tono dutsen, gaskiya ne, kuma na ƙarni na shida ne. Amma sunan da ke jikinsa Artognu ne, wani suna dabam, farkonsu kaɗai ya yi kama. Wanda ya tsinci allo an rubuta Abdulƙadir ba zai ce ya samu allon Abdullahi ba. Kuma shi da bakinsa ya gaya mana a kashi na shida cewa Jefri ne ya fara haɗa Arta da Tintajel, bayan shekara 600. Abin takaicin shi ne gaskiyar wurin ta fi ƙaryar armashi, shi kuma ya wuce ta da jimla biyu. A Tintajel an tono tsingaron tuluna da akussa masu ɗimbin yawa na ƙarni na biyar da na shida, waɗanda aka yi a gabashin Bahar Rum da kuma Afirka ta Arewa, yankin Tunisiya ta yau. Wato a zamanin da ake cewa duhu ya rufe Birtaniya, akwai masu mulki a wannan gaɓa da jiragen ruwa ke kawo musu kaya daga nahiyarmu. Wannan ne abin da zan so ɗalibina ya ji.

Haka ya yi da tudun Kadbari da ke kudancin Ingila, ya kira shi Kamelot kai tsaye. Abin da aka sani shi ne wani mai yawon tattara tarihi, Leland, ya rubuta a 1542 cewa mutanen wurin suna kiransa haka. Daga 1966 zuwa 1970 masani Leslie Alcock ya haƙa tudun, ya samu an sake yi masa ganuwa wajen ƙarshen ƙarni na biyar, da alamar wani babban zaure na katako. Lallai wani mai ƙarfi ya zauna a nan a daidai zamanin. Sunansa ne ƙasa ba ta bayar ba.

A kashi na tara ya kawo mutanen da ake zaton su ne asalin labarin. Ambrosiyus ɗin Gildas. Wani Riyotamus da ya tsallaka Faransa wajen 470 da mutum 12,000 aka ci shi da yaƙi, wanda shi kam akwai wasiƙar da wani ɗan zamaninsa ya aika masa. Da wani hafsan Rumawa, Lushiyus Artoriyus Kastus, da ya yi aiki a Birtaniya, amma shekara kusan 300 kafin Badon. Sannan ya yanke nasa hukunci da karin magana: ruwa ba ya tsami banza, lallai an yi mutumin. Hujjarsa mafi ƙarfi ita ce a ƙarshen ƙarni na shida an samu 'ya'yan sarakuna a Sikotilan da Wels da aka raɗa wa suna Arta, kamar dai ana yi wa wani shahararre takwara. Hujja ce mai kyau, na karɓe ta a matsayin alama. Amma ban bi shi har ƙarshe ba. Ruwa yana tsami, sai dai abin da ya tsamar da shi yana iya zama ƙishin gwarzo da mutanen da aka ƙwace wa ƙasa suke ji. Ni abin da na gaya wa yarona shi ne: zamanin gaskiya ne, yaƙin Badon gaskiya ne, Ambrosiyus gaskiya ne. Arta kuwa mai yiwuwa ne an yi wani mayaƙi mai wannan suna, amma babu shaidar da za ta tsaya a gaban alƙali.

Ina sauraro ina auna shi da namu. Kanta ma labarai sun taru a kansa, na ƙuruciyarsa da kiwo da dambe, waɗanda babu mai iya tantancewa. Amma Abdurrahman Sa'adi, da ya rubuta Tarikhus Sudan wajen 1655, mutumin Tumbutu, ɗan ɓangaren da Kanta ya yi wa tawaye, ya kawo yadda ya ɓalle daga Askiya wajen 1516 bayan yaƙin Agadas saboda rabon ganima. Shaidar abokin gaba ke nan, irin wadda Arta bai samu ba ko layi ɗaya. Ga ganuwar Surame a tsaye, ga gidan sarautar Kabi bai yanke ba, ga gidan tarihin da ke ɗauke da sunansa a tsakiyar garin nan. Bayajidda ne ya fi kusa da Arta: rijiyar Kusugu tana nan a Daura, ana zuwa ana gani, sarauta ta ginu a kan labarin, amma tsakanin abin da ya faru da ranar da aka rubuta shi akwai ƙarnuka. Faɗin haka bai rage wa Daura daraja ba, kamar yadda mutanen Wels ba su daina son gwarzonsu ba don masanansu sun yi tambaya.

Na koma shagon da takardata a hannu. Na jira yara suka ragu, don ba a gyara wa mutum a gaban abokan cinikinsa. Kan "sarkin Ingila" bai ja ba ko kaɗan, ya dafe kai ya ce, "Wallahi Baba na sani, bakina ne ya saba." Kan dutsen kuwa ya ja. Ya ce ya gani a wurare da yawa a intanet. Na ce, "Ɗana, wa ya faɗa? Waɗanda suka tono shi, ko waɗanda suka ba da labarin an tono?" Ya yi shiru, ya ce in ba shi kwana uku. Ran na huɗu ya aiko yaro har gida da saƙon in kawo waya. Ya sake ɗaukar kashi na ɗaya ba kiɗa, ya sake na takwas gaba ɗaya, ya faɗi kuskurensa da bakinsa a farkon sautin, ya ba tulunan Afirka ta Arewa haƙƙinsu. Ko sisi bai karɓa ba, na miƙa ya ƙi. Na uku mai janareto har yanzu bai sake ba, ya ce sai ya samu daren da wuta ta zauna.

Damuwata guda ita ce ba ya rubuta sunan masu saye, don haka mutum bakwai ɗin da suka riga ni suna can da tsohon kwafi, kuma abin waya yaɗuwa yake yi. Wanda ya karɓa a hannun wani ya duba: tsohon kashi na takwas minti 31 ne, sabon minti 38. Kuma ina roƙon malamai 'yan uwana, in za ku kunna wa ɗalibai, ku je ku biya kuɗinku a shagon, kada ku tura wa juna kyauta. Wata biyu na daren mutum ne a ciki. Mai neman labarin sara da suka kada ya saya, zai gaji tun a kashi na uku. Malamin tarihi, ɗalibin sakandare ko na kwaleji, da duk uban da yaronsa ke yi masa irin tambayar da aka yi mini, su ya dace da su. Na ba shi aron tsofaffin takarduna na Kabi, domin na ce masa na gaba Kanta zai yi, kuma da ma'aunin nan zai yi shi, ko da wani zai ji ba daɗi.

Autana ya saurari duka tara a kwana shida, da daddare bayan ya dawo daga makarantar allo. Da ya gama bai ce mini komai kan takobin ba. Muna cin tuwo ya ɗago kai ya ce, "Baba, shi wanda ya ce ya auna kabarin nan da kansa, me ya hana shi kiran wani ya riƙe masa bakin igiyar, su zama su biyu?"